Tutar ƙasa: abin da take faɗi da yadda ake ɗaga ta

Tuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin Bature ya zo da tasa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya mayar da ita shaidar iko. Wanda ya je wurin Shehu ya dawo da tuta, irin su Modibbo Adama na Fombina da Buba Yero na Gwambe da Yakubu na Bauchi da Malam Musa na Zazzau da Ummarun Dallaje na Katsina, ya dawo ne da izinin jan yaƙi da shugabantar jama'a. Ƙyallen kansa ba wata tsada gare shi ba. Abin da ya ba shi nauyi shi ne hannun da ya miƙa shi da hannun da ya karɓa. Har gobe haka tutar ƙasa take. Yadi ne da tela zai haɗa cikin awa guda, amma inda aka kafa ta, da tsayin da aka kai ta, da gefen da aka ajiye ta, duk magana ce da hukumomi ke karantawa kamar yadda ake karanta wasiƙa.

Tutar Najeriya ta fito ne daga gasa. A 1959 aka zaɓi zanen Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan a lokacin, daga cikin zane sama da 2,000 da aka aiko, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskoki a kan farin, amma kwamitin da ya yi zaɓen ya cire ta, ya bar kore, fari, kore a tsaye. A daren da aka wayi garin 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka ɗaga wannan. Kore na nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya. Cire jar ranar nan daga zanen ya haifar da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: ko ta ina ka juya tutar Najeriya, sama ko ƙasa, gaba ko baya, iri ɗaya ce. Ba a taɓa ɗaga ta a kife.

Ta Nijar ba haka ba. An amince da ita ranar 23 ga Nuwamba, 1959, watanni kafin samun 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960. Layukanta a kwance suke: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'ira mai ruwan lemo, kore a ƙasa. Fassarar da aka fi sani tana bin taswirar ƙasar ne, wato hamada a arewa, ƙasar noma a kudu, rana a tsakani. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɗaure ta a kife ba, domin ɗora kore a sama tamkar ɗauko Gaya ne a kai ta Bilma. Wani abin da ke rikita masu sayar da tutoci shi ne kamarta da ta Indiya. Bambancin a tsakiya yake: ta Indiya tana da shuɗiyar ƙafar keke mai wayoyi 24, ta Nijar kuwa da'ira ce cikakkiya ba zane a cikinta.

Launukan ma suna da dangi, kuma sanin dangin ya fi haddace cewa ja jini ne, kore ciyawa ce. Habasha ta kori sojojin Italiya a Adwa a 1896, ta tsira daga mulkin mallaka, don haka launukanta na kore da rawaya da ja suka zama abin koyi ga ƙasashen da suka samu 'yanci daga baya. Gana ce ta fara ɗauka a 1957, a zanen Theodosia Okoh, ta ƙara baƙin tauraro a tsakiya. Gini da Mali da Senegal da Kamaru da Benin duk suka bi sahu. Kamaru ta taɓa ɗaukar taurari biyu lokacin da take tarayya, kafin a mayar da su ɗaya a 1975 bayan an soke tarayyar, kuma wannan sauyin tauraro guda ya ishi mai karatu ya gane cewa siyasar ƙasa na shiga cikin tuta. Sudan ta yi irin nata sauyin a 1970: ta ajiye shuɗi da rawaya da kore na 1956, ta ɗauki ja da fari da baƙi da kore, launukan da suka yaɗu a ƙasashen Larabawa tun boren da aka yi wa Daular Usmaniyya a 1916. Da wannan ta bayyana ɓangaren da take kallon kanta a ciki.

Cadi ta so ta shiga sahun kore da rawaya da ja a 1959, sai ta musanya kore da shuɗi don gudun kama da ta wasu ƙasashen yankin. Ta gudu ba ta tsira ba, domin a 1989 Romaniya ta cire tambarin gurguzu daga tsakiyar tutarta, suka zama tagwaye, sai ɗan duhun shuɗin Cadi kawai ke raba su. Haka Indonesiya da Monako, ja a sama fari a ƙasa, ma'auninsu ne kaɗai ya bambanta. Ta Kwaddibuwa da ta Ayalan kuwa launuka ɗaya ne, sai dai ruwan lemo ne ke gefen sanda a ta Kwaddibuwa, kore a ta Ayalan. Shi ya sa mai shirya taron ƙasa da ƙasa ba ya dogara da ido. Kowace tuta a rubuta sunan ƙasarta da alamar sama a jikin farin bakin da ake ɗaure igiya, tun kafin ranar taro.

Ma'auni, yadi da sanda

Yawancin tutocin da ake gani a makarantu da sakatariyoyi sun koɗe sun yage, kuma a ganinmu ba rashin kishi ne kaɗai ke jawo haka ba. Akwai rashin sanin aikin. Tuta kaya ce da ke aiki a rana da iska kullum, tana da iyakar kwanakinta, kuma akwai abubuwan da ke tsawaita su.

A fara da ma'auni. Tsawon tutar Najeriya ninki biyu ne na faɗinta. A lissafin tela, faɗi yadi ɗaya, tsawo yadi biyu, wato inci 36 da inci 72. Kowane launi yana cin inci 24 daidai bayan an gama ɗinki, don haka a wurin yanka sai a bar rarar haɗi da ta kalmasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka ƙyalle uku daidai wa daida, sannan kalmasar gefe ta cinye koren dama da na hagu, farin ya fito ya fi su faɗi. Wani kuskuren shi ne a ɗinka ta a kan ma'aunin tutocin da ake shigowa da su, wanda tsawonsu faɗi ɗaya da rabi ne, sai ta fito a dunƙule. Kowace ƙasa da nata: ta Gana da ta Kamaru biyu bisa uku ne, ta Nijar ana yawan nuna ta da shida bisa bakwai, ta Suwizalan da ta Batikan tsawo da faɗi ɗaya ne, ta Nepal kuwa ba ta ma da kusurwa huɗu.

Girman tuta yana bin tsayin sanda. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce tsawon tuta ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na tsayin sandar. Sanda mai ƙafa 20 tana ɗaukar tuta mai ƙafa 3 da 6. Mai ƙafa 30 tana ɗaukar mai ƙafa 4 da 8. In tuta ta yi wa sanda girma, iskar farkon damina za ta riƙa fizgarta har bututun ya lanƙwashe, ko gindin ya girgiɗe. In ta yi ƙanƙanta kuma sai ta zama kamar hankici a saman dogon yaro. Ita sandar, aƙalla kashi ɗaya cikin goma na tsawonta ya shiga ƙasa cikin kankare, a ƙara zurfi in wurin rairayi ne. A nisanta ta da wayar lantarki da rassan bishiya da bakin kwano, domin duk abin da bakin tuta zai riƙa duka shi ne zai fara yaga ta. Dogon ƙarfe a tsakiyar fili yana jan tsawa, saboda haka a haɗa masa wayar da ke kai wuta ƙasa, kuma kada a tura yaro sauke tuta ana walƙiya.

A saman sanda akwai 'yar taya da igiya ke bi ta kanta, a ƙasa kuma daidai ƙirjin mutum akwai ƙugiyar ƙarfe da ake naɗe igiyar. Tsawon igiya ninki biyu ne na sanda. Abin da ya fi ba mutane wahala a nan shi ne a saki baki ɗaya na igiyar ya zarce sama ya fice daga tayar, daga nan sai an nemo mai hawa ko an kwantar da sandar gaba ɗaya. Maganinsa a ɗaure bakunan biyu su zama zobe guda, ko da babu tuta a jiki. A ɗaure tuta ta kusurwa biyu, sama da ƙasa, a ja gefen ya miƙe sosai. Tutar da aka ɗaure sako-sako tana naɗewa a jikin sanda, tsatsa ta kama farin. Igiyar leda ta kasuwa rana na cinye ta cikin 'yan watanni, sai ta fara ɓarɓashi ta tsinke. Gara a nemi saƙaƙƙiyar igiya mai kaurin milimita 6 zuwa 8, a riƙa duba inda take gogar taya.

Batun yadi kuwa, auduga tana da kyau a cikin ofis ko zauren taro, amma a waje tana shan ruwa ta yi nauyi, korenta ya zuba a kan fari tun ruwan farko. Yadin roba mara nauyi irin wanda iska ke ratsawa ya fi jure rana, yana kuma saurin bushewa. Yagewa kullum daga bakin da ke kaɗawa take farawa, musamman kusurwoyinsa biyu, domin nan ne ke yin bulala in iska ta taso. Tela mai sanin aiki yana ninka wannan bakin sau biyu, ya bi shi da layin ɗinki huɗu, ya ƙara ɗinkin gicciye a kusurwoyi. A gefen sanda kuma ya sa ƙaƙƙarfan farin kyalle irin na tamfol, don a nan nauyin ja yake. Da zarar zare ya fara fita a baki, a sauke a gyara tun ɓarakar ba ta kai inci guda ba. In aka jira ta yi nisa, datsewar da za a yi za ta rage koren waje, ma'auni ya lalace.

Hunturu yana da tasa ɓarnar. Ƙura na shiga zaren ta mayar da fari ruwan ƙasa, kuma ita ƙurar tana goge zaren daga ciki duk lokacin da tuta ta kaɗa. Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba tare da sinadarin cire launi ba, yana dawo da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ma'aikata ta mallaki tuta biyu, ɗaya a sama ɗaya a ajiye, ana musanyawa. Tutar da ke kwana a waje dare da rana ba ta cika wuce 'yan watanni da kyanta ba, wadda ake saukewa kullum da yamma kuwa tana iya kusan ninka wannan. Dokar tuta da tambarin ƙasa ta Najeriya, wadda asalinta na 1960 ne, ta mayar da ɗaga tuta yagaggiya ko gurɓatacciya laifi. Tarar da ta yanka naira 100 ce, kuɗin da yau ba zai sayi ko igiyar ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da majalisa za ta waiwayi dokar.

Ɗagawa, saukewa da zaman makoki

Al'adar da kusan duk duniya ta yarda da ita ita ce a ɗaga da safe a sauke kafin duhu, sai in an haska ta da fitila. A bariki ana yi da busar begila, kowa ya tsaya cak inda yake. Ana ɗagawa da hanzari, ana saukewa a hankali. Mutum biyu ake so: ɗaya na jan igiya, ɗaya na riƙe da tutar a hannu har ta bar shi, da yamma kuma ya tare ta kafin ta taɓa ƙasa. A tabbata ta kai ƙololuwa. Tutar da ta tsaya taku ɗaya ƙasa da saman sanda saboda igiya ta saki tana iya sa mai wucewa ya ɗauka rasuwa aka yi.

Sassauto da tuta don makoki yana da tsari, kuma a nan aka fi kuskure. Ba a jan ta daga ƙasa a tsaya a tsakiya. Sai an kai ta ƙololuwa tukuna, a ɗan dakata, sannan a sassauto da ita. Da yamma ma sai an sake mayar da ita sama kafin a sauke. Inda za ta tsaya ya danganta da ƙasa: a Amurka tsakiyar sanda ne, a Ingila kuwa kashi biyu cikin uku na tsayin sandar, da sharaɗin a bar aƙalla gurbin faɗin tuta guda a sama. Duk sauran tutocin da ke wurin, na jiha ko na ma'aikata ko na kamfani, su ma a sassauto da su ko a cire su, don kada wata ta ɗara ta ƙasa tsayi. Kuma ba shugaban makaranta ko na ma'aikata ne ke yanke wannan shawara don kansa ba, umarni ne daga gwamnati, da adadin kwanakinsa. Haka aka yi na kwana bakwai bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010, aka kuma yi bayan rasuwar tsohon Shugaba Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. In an lulluɓe makara da tuta a jana'izar soja ko shugaba, ana yaye ta a naɗe kafin a sa mamaci a kabari. Ba a binne shi da ita.

Tutar Saudiyya ba a sassauto da ita ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Saboda ita kalmar ce kuma ake ɗinka tutar da ƙyalle biyu baya da baya, don rubutun ya karantu daidai ta kowace fuska. Wanda ya buga ta a yadi ɗaya mai shara-shara zai samu rubutun a juye ta baya. A 2007 sojojin Amurka sun raba ƙwallaye masu ɗauke da tutocin ƙasashe a lardin Khost na Afganistan, ciki har da ta Saudiyya, mutane suka yi zanga-zanga don ba za a sa ƙafa a shuri sunan Allah ba. Duk mai buga tutoci a jikin riga ko hula ko jaka ya kamata ya san wannan kafin ya haɗa ta cikin jeri.

Kifa tuta ma magana ce. A teku tsohuwar alama ce ta neman agaji. A Filifin kuwa doka ce: shuɗi a sama lokacin zaman lafiya, ja a sama lokacin yaƙi. A 2010, wurin wani taron shugabanni a New York, aka kafa ta da ja a sama, sai da Amurka ta nemi afuwa. A wasannin Olamfik na 2012 an nuna 'yan ƙwallon mata na Koriya ta Arewa a allo tare da tutar Koriya ta Kudu a Glasgow, suka fice daga fili, wasa bai fara ba sai bayan kusan awa guda.

In tuta ta haɗu da wata, wurin girma shi ne damar ita tutar, wato hagun mai kallo. A kan dandamali tana damar mai jawabi. In uku ne, ta ƙasa a tsakiya. Tutar jiha ko ta jam'iyya ko ta kamfani ba ta fin ta ƙasa girma ko tsayi, ita ake fara ɗagawa, ita ake saukewa a ƙarshe. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa babu babba babu ƙarami: sanduna tsayi ɗaya, tutoci girma ɗaya, kowace da sandarta. Ɗaura tutar wata ƙasa a ƙarƙashin ta wata a sanda guda alama ce ta cin yaƙi, kuma baƙo zai karanta ta haka ko da mai masauki ƙarancin sanda ne ya dame shi. Don kauce wa gardamar wa zai riga wa, ana jera su bisa haruffan sunayensu. A hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya tutocin ƙasashe 193 suna jere ne bisa haruffan Ingilishi, daga Afganistan zuwa Zimbabuwe.

Tutar wata ƙasa a cikin ƙasarka tana da gurbinta na doka. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ba ofishin jakadanci damar kafa tutarsa a harabarsa da gidan jakada da motarsa. A wajen irin wannan gurbi, ma'anarta na sauyawa nan take. An ga haka a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, inda masu zanga-zanga suka riƙa ɗaga tutar Rasha don nuna wa Faransa ƙofa. Da irin wannan tuta ta bayyana a Kano da wasu biranen Arewa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, hukumomin tsaron Najeriya sun ɗauke ta a matsayin cin amanar ƙasa, aka kama mutane har da telolin da suka ɗinka. Ƙyalle uku ne, fari da shuɗi da ja, a gari ɗaya ana tafa wa mai riƙe da su, a wani garin ana kai shi kotu. Tela da aka kawo wa aikin tutar da bai sani ba yana da haƙƙin ya tambayi ta wace ƙasa ce, kuma ina za a kai ta.

A mota ma ba kowa ke da izinin kafa ta a gaba ba, sai manyan masu riƙe da muƙami ƙalilan irin su shugaban ƙasa da gwamnoni, kuma tana buɗe ne kawai in mai muƙamin na ciki. In ya fita, direba ya naɗe ta ya rufe da kubenta. Tutar da ta tsufa har ta wuce gyara kuwa ba a mayar da ita tsumman goge tebur ko labulen shago ko shimfiɗar talla. A cire igiya da ƙarafan jikinta, a naɗe ta, a ƙone ta a keɓe ba a bainar jama'a ba, sannan a binne tokar. In yadin roba ne, hayaƙinsa na da illa kuma yana narkewa ya ɗiga, don haka a yi a fili inda iska ke wucewa, a tsaya nesa da shi har wutar ta mutu.